Bawdsey, tashar rada da ta ceci Ingila daga Hitila

Jama'a duk sanda ake hirar yaƙin duniya na biyu sai kaji ana ta yabon matuƙa jirgi da jirgin Spitfire, ni kuwa wlh abinda yafi tsaya min a rai wata tashar rada ce, wato na'urar hango jirage daga nesa, a bakin teku can Suffolk gabashin Ingila, sunanta Bawdsey.

Asalin abin ma tsoro ne ya haifeshi. Farkon 1935 ma'aikatar sojan sama ta Birtaniya ta tambayi wani masani ɗan Sikotilan, Robert Watson-Watt, wai ko za'a iya ƙera wani haske mai kisa da zai ƙona matuƙin jirgi a sama, har kyautar fam 1,000 aka sa ga duk wanda ya kashe tunkiya da irin wannan haske daga yadi 100. Mataimakinsa Arnold Wilkins ya zauna yayi lissafi yace wannan kam bazai yiwu ba, amma fa idan aka harba igiyar rediyo ta bugi jikin jirgi zata dawo, kuma za'a iya kamata. Ranar 26 ga Fabrairu 1935 suka gwada kusa da Daventry da na'urar watsa shirin BBC, suna cikin wata tsohuwar mota a gona, jirgin yaƙi ya wuce, suka ganshi a ɗan gilashinsu daga mil 8. A 1936 gwamnati ta sayi gidan Bawdsey, Satumbar 1937 ta zama tashar rada ta farko dake aiki sosai, daga nan aka jera irinta wajen 20 a gaɓar teku, aka kirasu Chain Home.

Kuma fa na'urar ba wata ta a zo a gani bace, dogayen hasumiyoyin ƙarfe ƙafa 360 na aikawa, na katako ƙafa 240 na karɓa, basa juyawa, teku kawai suke kallo, jirgi na wucesu ya shiga cikin ƙasa shikenan sai mutane da madubin hangen nesa su cigaba da binsa. Jamus nada radar da ta fi wannan kyau a lokacin. To me yasa ta Ingila tayi aiki? Saboda an shirya wanda zai saurara. Yarinya 'yar soja tana zaune cikin ɗaki mai duhu idonta kan koren layi a gilashin na'urar, da taga ya ɗan lotsa sai ta karanta nisa ta faɗa a waya, nan take labari ya isa Bentley Priory hedikwatar Hugh Dowding, kwamandan jiragen yaƙin dake kare Birtaniya, a tace shi, wasu matan kuma suna tsaye kewaye da ƙaton teburin taswira suna tura 'yan alamomi da dogayen sanduna, cikin 'yan mintuna an tada jiragen da suka dace basai sunyi ta yawo a sama suna ƙona mai ba. A Agustan 1940 Jamusawa sun jefa wa wasu tashoshin bam, ta Ventnor ta daina aiki, amma Goering shugaban sojan saman Jamus ya raina abin yace a bari, bai gane abinda ke bayan hasumiyoyin ba.

Wanda yake ganin na zuzuta ya duba tashar radar Amurka ta Opana a Hawai, 7 ga Disamba 1941. Sojoji biyu sun hango tarin jirage a rada daga mil 130 da ɗoriya, sun buga waya, hafsan dake bakin aiki ya ɗauka jiragen Amurka ne masu zuwa daga Kalifoniya yace kar su damu. Ba'a cika awa ɗaya ba Japan ta afkawa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, mutum sama da 2,400 suka mutu. Na'ura ta gani sarai, Allah sarki, tsarin ne babu.

Bawdsey ta cigaba da aiki lokacin yaƙin cacar baki, aka gina mata ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, daga baya aka girke makamai masu linzami na Bloodhound har 1990, aka rufe 1991. Abinda yake min ciwo shine hasumiya ta ƙarshe an rusheta a shekarar 2000, gaskiya bai kamata ba ko kaɗan. Ginin siminti na na'urar aikawa dai ya tsira, shima 'yan sa kai ne suka tsaya kai da fata har aka maidashi gidan tarihi.