Taron na ɗalibai ne, amma lokacinsu ake yankewa

Masu shirya taron gabatar da bincike na ɗaliban mastar da doktora a nan Damagaram, ranku ya daɗe, abin ya isa haka. Kuna kiransa taron ɗalibai, amma duk ɓarnar da aka yi a ranar, daga aljihun ɗalibi da mintunansa ake biyanta.

A ɗauki zama ɗaya na safe a yi lissafi. Ɗalibi 12, kowa minti 15 na bayani da minti 5 na tambayoyi, awa 4 ke nan cif, daga 9:30 zuwa 13:30. Sai a zauna jiran babban baƙo. Ya iso 10:30, jawabai su biyo baya, kowa sai ya gaida kowa da muƙaminsa, ba a tashi ba sai 11:30. Azahar ba ta jiran kowa, saura awa 2. Kowane ɗalibi ya koma minti 10. A cikinsu minti 3 za su tafi wajen cire ordinatar wannan a jona ta wancan. Saura 7. Ba a taɓa rage jawabin manya ko da layi ɗaya ba, ɗalibi ne ake ɗaga wa takarda a ce ya kammala.

Kun san abin da minti 7 ke yi wa bincike? Kowane bayani da tsarinsa: gabatarwa, matsalar da ake dubawa, hanyar da aka bi, sannan sakamako da sharhi. Sakamako a ƙarshe yake zuwa. To wanda ya shirya shafi 12 zuwa 15 don minti 15, ana tsayar da shi ne daidai inda aikinsa na gaske ya fara. Yarinyar da ta yi damina guda tana auna gonakin gero a ƙauyukan Magarya, ko saurayin da ya yi watanni a kwaruruwan Gure yana bin yadda rairayi ke cinye su, ko mai nazarin ƙarancin ruwan sha a cikin birni, duk sai su ruga da jadawalin alƙalumansu cikin daƙiƙa 30, babu wanda ya gani. Daga nan a soke tambayoyi. Alhali tambayoyin nan su ne amfanin taron gaba ɗaya. A nan ne wani malami zai ce wa ɗalibi samfurinka ya yi kaɗan, ko gwajin lissafin da ka zaɓa bai dace da bayananka ba, tun kafin ranar kare kundi, lokacin da gyara ke yiwuwa. In an cire wannan, me ya rage ban da hoto?

Ga kuma kayan aiki. Forojekta mai ramin VGA kaɗai, ordinatocin yanzu kuwa HDMI gare su, kuma babu ɗan mahaɗi ko ɗaya a ɗakin. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, wanda ba baƙon abu ba ne a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, sai a tarar gurup, injin ba da wuta, ba gazuwal. Ko ya tashi, fitilar forojekta sai ta huce kafin ta sake kamawa, agogon ɗalibi kuwa yana tafiya. Maganin duk wannan ba kuɗi yake ci ba: a karɓi fayil ɗin kowa kwana 2 kafin taro, a mayar da shi PDF don kada rubutu ya wargaje, a zuba a ordinata guda, a gwada tun daren jajibiri.

Masu fosta, wato masu nuna bincikensu a babbar takarda a jikin allo, su suka fi shan wuya. Ana cewa su kawo A0, wato santimita 84,1 da 118,9, amma ba a faɗa musu a tsaye ko a kwance ba, sai ranar su tarar allon bai ɗauka. Injin buga babbar takarda ba a kowane lungu yake ba, kuma wanda bai samu a nan ba sai ya tura Yamai, kusan kilomita 900, ya jira motar fasinja ta kawo masa a nannaɗe, wani lokaci a lanƙwashe. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya buga A4 guda 16 ya liƙa da salatif. Bayan wannan wahala sai a jera fostocin a baranda lokacin cin abinci, alƙalai na ciki suna ci, ɗalibi na tsaye cikin rana gefen aikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku yarda da A1 mana, rabin A0 ne, kuma rubutu mai girman 24 ana karanta shi sarai daga mita guda. Ku ware wa fosta awa guda tata ta kanta, kowane allo da alƙali biyu da aka rubuta sunansu.

Sanarwa ma a makare take fitowa, amsar karɓar aikin ɗalibi ta fi ta makara. Wanda ke aikin fili a Tanut ba ya shirya tafiya cikin kwana 3.

Abin da ya fi ciwo shi ne bayan taro. An karɓi kuɗin rajista, an yi alkawarin takardar shaida da littafin taro mai ɗauke da maƙalolin ɗalibai. Takardar ta fito da suna a karkace ko taken bincike a gutsure, littafin kuwa shiru. A tsarin LMD, wato lisans, mastar da doktora, doktora shekara 3 ce, makarantun doktora da yawa ba sa barin ɗalibi ya kare kundinsa sai ya wallafa maƙala, kuma wanda zai shiga koyarwa gobe, CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, za ta duba abin da ya wallafa. Maƙalar da ke kwance a durowar kwamiti ba ya iya kai ta wata mujalla, don ba a miƙa aiki guda wuri biyu. Kun riƙe masa ita, kun riƙe masa shekara.

Ku rubuta ranar fitar littafin a cikin sanarwa tun farko, in ta wuce da wata 6 ku saki maƙalar ga mai ita a rubuce. Bikin buɗewa kuma ku mayar da shi yammacin jajibiri, ɗalibi na farko ya hau 8:30, ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba.