Rabon Gado Ne Ya Karya Sarakunan Yankuna a Daular Han

Galibi ana danganta karyewar sarakunan yankuna a daular Han ta ƙasar Sin da yaƙin shekarar 154 kafin Miladiyya, amma a ganina dokar gado ce ta yi musu illar da ba su farfaɗo daga ita ba.

Da Liu Bang ya kafa daular a shekarar 202 kafin Miladiyya, ya riƙe yammacin ƙasar a hannun jami'an fada, ya bar gabas ga sarakuna, daga baya ya maye gurbin yawancinsu da 'ya'yansa da danginsa bisa zaton jini zai hana tawaye. Labarin Liu Bi, ɗan wan Liu Bang kuma sarkin ƙasar Wu, ya nuna kuskuren wannan zato. Ƙasarsa tana da duwatsun tagulla da yake buga kuɗi da su, tana kuma dafa gishiri daga ruwan teku, har ya iya ɗauke wa talakawansa haraji. Bayan yarima mai jiran gadon daular ya kashe ɗan Liu Bi da allon wasa a wata gardama, Liu Bi ya ce ba shi da lafiya, ya daina zuwa gaisuwa fada, kuma Sarkin Sarakuna Wen bai iya yi masa komai ba illa aika masa sandar dogarawa ta tsofaffi. Mai baitulmalin kansa ba ya tsoron kiran fada.

Da aka fara yanke wa sarakunan yankuna ƙasa bisa shawarar Chao Cuo, wani babban jami'in fada, sarakuna bakwai, ciki har da Liu Bi, suka yi tawaye a shekarar 154 kafin Miladiyya. Sarkin Sarakuna Jing, magajin Wen, ya kashe Chao Cuo domin ya lallashe su, abin bai yi amfani ba, sai Janar Zhou Yafu ya murƙushe su cikin wata uku. Fada ta karɓe ikon naɗa manyan jami'ansu, amma wasu masarautun sun ci gaba da zama manya.

A shekarar 127 kafin Miladiyya, bisa shawarar wani bafade mai suna Zhufu Yan, Sarkin Sarakuna Wu ya ba da damar kowane sarki ya yanka wa sauran 'ya'yansa maza yanki, maimakon magaji ɗaya ya kwashe duka, kuma kowane sabon yanki ya koma ƙarƙashin gwamnan da fada ta naɗa. An kira wannan alheri, kuma da wuya uba ya ƙi shi, domin 'ya'yansa ne za su fara yi masa bore. Zuwa shekarar 112 kafin Miladiyya, fada ta tuɓe masu sarauta 106 lokaci guda saboda zinariyar da suka kawo ta hidimar kakanni ba ta cika awo ko inganci ba, kuma babu wanda ya ɗaga takobi.