Shara ba hukunci ba ce

Labarin nan na ɗaliban Japan da ke share makarantunsu da kansu ya taɓa ni ƙwarai. Kowace rana, galibi bayan abincin rana, ana ware kamar minti 15 zuwa 20, suna kiransa “soji”. Yara su matsar da tebura, wasu su kama tsintsiya, wasu su durƙusa da tsumma suna goge daɓe, har bayan gida. Aikin zagayawa yake yi, kowa sai ya zo kansa, ɗan attajiri da ɗan talaka.

Na ga wasu suna cewa ai mu ma mun yi shara a firamare. Gaskiya ne, ni ma kullum da tsintsiyata nake zuwa. Amma a makarantarmu wa ke yi? Wanda ya makara, ko ƙananan aji, manya na tsaye da bulala. Shi ya sa muka taso muna ganin shara wulaƙanci ce. A can malamin ajin da kansa yana cikinsu yana gogewa, kuma wannan ne ya fi burge ni.

Ku tuna gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar: bayan Japan ta doke Jamus da ci 2 da 1, magoya bayanta suka tsaya da ledoji suna tsince sharar filin. Masar ma tun 2018 ta buɗe makarantu masu bin tsarin Japan. Ina roƙon shugabannin makarantunmu su daina hukunta yaro da tsintsiya, su fara ɗaukar ta da hannunsu.