Silifas ɗin baƙo a gidajen Polan ba raini ba ne

Cire takalmi a bakin ƙofa ba sabon abu ba ne a wajen Bahaushe, don haka wanda ya zo Polan karatu ko aiki ba ya jin ɗar idan ya ga takalma jere a mashigar gida. Abin da ke sa 'yan'uwanmu yamutsa fuska shi ne abin da ke biyo baya: maigida ya buɗe wani ɗan kwando, ya ciro silifas na ulu ko na fata waɗanda wasu baƙi suka riga suka sa, ya ajiye a gabanka. Sunansu kapcie, ana furta shi "kapce". A birnin Poznan laczki ake cewa, a birnin Krakow kuwa pantofle. Ni dai a ganina ya kamata a karɓa, kuma dalilin na cikin abin da kowane ɓangare yake nufi da cire takalmin.

A wajenmu girmamawa ce. Ka tuɓe takalmi a gaban babba ko da a tsakar gida yake zaune bisa ƙasa, ka taka tabarma da tafin ƙafarka. A wajen mutanen Polan tsabta ce da sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris ana zuba gishiri da yashi a kan hanyoyi don narkar da ƙanƙara. Wannan caɓin yana maƙalewa a ƙasan takalmi, yana barin farin tabo, yashin kuma yana karce daɓen katako. To idan ka cire, sai ga ƙafarka bisa daɓe mai sanyi, su kuwa tun suna yara kakanninsu ke gargaɗinsu cewa sanyin ƙafa mura yake kawowa. Wanda ya miƙa maka kapcie abin da uwar gida ke yi a Kano yake yi, lokacin da ta kawo wa baƙo ruwa kafin a gama gaisuwa. Har karin maganarsu ya yi kama da namu: muna cewa baƙonka annabinka, su suna cewa baƙo a gida, Allah a gida.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Da ka sunkuya za ka kwance igiya, maigida zai ce "nie zdejmuj", wato kada ka cire. Sau da yawa kara ce kawai, irin bismillar da ake yi wa mai wucewa a kan abinci. Dubi ƙafarsa. In yana sanye da kapcie, kuma ga takalma a jere, cire naka. In ya maimaita da gaske, ko liyafa ce da kowa ya yi ado, sai ka goge takalmin sosai a bakin ƙofa ka shiga. Su kansu suna muhawara a kan haka, domin masu koyar da ladubban zama suna ganin bai dace a sa baƙon da ya ci ado ya zauna cikin silifas ba. Kuma kada ka miƙa hannu kana tsaye a kan dokin ƙofa. Shigo ciki tukuna, suna camfa gaisuwa a kan dokin ƙofa.

Ƙyanƙyamin da wasu ke ji ba na wofi ba ne, ban kuma raina shi ba. Silifas na ulu yana riƙe gumi, ana iya ɗaukar cin ruwa ta nan, ba kowane gida ne kuma ke wanke su bayan kowane baƙo ba. Maganin mai sauƙi ne: sa safa mai tsabta, mara huji, kada ka taɓa zura ƙafa tsirara. Wanda ya fi shi ne ka sayi naka marasa nauyi ka riƙa sakawa a jaka. Ba wanda zai ga baƙin wannan, don 'ya'yansu ma da takalmin canji suke zuwa firamare. Yana kuma raba ka da matsalar girman ƙafa, saboda kwandon baƙi ba kasafai yake da lamba 45 ko 46 ba.

Batun da na fi so a kula da shi shi ne banɗaki. Mu muna ware silifas na bayi, su da kapcie ɗaya ake zaga ko'ina, har can. Mai salla ya cire su kafin ya hau darduma, ya kuma tsane ƙafa da tawul bayan alwala, don jiƙaƙƙen ulu ba ya bushewa da wuri kuma wari yake yi.

Idan kuma su ne za su zo ɗakinka, kada ka bar su da safa kawai bisa tayil a watan Janairu. Ajiye kapcie ƙafa uku ko huɗu masu wankuwa, daga lamba 38 zuwa 45, da faranti na roba da ruwan takalma zai ɗiga a ciki, da ɗan benci inda dattijo zai zauna ya kwance igiya.