Kun san rukunin jininta, ba ku san abin da ke ranta ba

Assalamu alaikum, ƙannena masu zana labari suna ɗorawa a intanet.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan yayata ya same ni a zaure. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo wayarsa da hannu biyu, ya ce, "Kawu, ga labarin zanen nan da na ce maka ina yi, ka duba ka sa mini albarka." Na ji daɗi har cikin raina, domin yaron yana da hannu. Tun yana firamare yake cika bayan littattafansa da dawakin hawan sallah, har malamai su kawo ƙara. Na karɓi wayar na soma ja da yatsa. Shafin farko bayanin tauraruwar labarin ne. Na biyu na saurayinta, na uku na ƙawarta. Sai da na wuce shafi bakwai kafin na iske labarin kansa, shi kuwa gida huɗu ne kacal: yarinya tsaye a bakin taga, sai ta juyo, sai ta yi ajiyar zuciya, sai aka rubuta "za mu ci gaba". Wata uku ke nan yana wannan aiki.

Ga abin da ya rubuta a kan yarinyar. Shekarunta 19. Tsawonta santimita 168. Nauyinta kilo 52. An haife ta 14 ga Fabrairu. Rukunin jininta O. Kalar da take so ruwan hoda. Abincin da ta fi so shawarma. Har lambar takalminta ya sa. Na ajiye wayar a kan tabarma na ce masa, "To ɗana, in mahaifiyarta ta aike ta markaɗe, ta je ta tarar injin ya lalace, ga magariba ta kawo kai, me za ta yi? Za ta dawo da tattasan ne ta faɗi gaskiya, ko za ta zarce wata unguwa, ko za ta zauna a bakin shagon ta yi kuka?" Ya yi shiru. Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Kawu, ai ban yi tunanin wannan ba."

Wannan shirun nasa ne ya hana ni barci, domin ba shi kaɗai ba ne. Tun daga ranar nake leƙa shafukanku a Facebook da Instagram, abin da nake gani ke nan. Kuna tara wa tauraro kaya kamar lefen 'yar gata, tsawo da nauyi da launin ido da ranar haihuwa, amma in aka tambaye ku me yake nema a duniya, me yake tsoro, wa yake jin kunya, wace ƙarya yake yi wa kansa, sai ku yi tsuru-tsuru. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mu ɗauki rukunin jinin nan, tunda kusan kowannenku sai ya sa shi. Kun san daga ina ya fito? Daga Japan. A can akwai camfin cewa jinin mutum yana nuna halinsa: mai A natsattse ne mai tsantseni, mai B ɗan ra'ayin kansa ne, mai O mai faran-faran da jama'a. Wani malami mai suna Takeji Furukawa ne ya rubuta maƙala a kan haka a 1927, sannan wani ɗan jarida, Masahiko Nomi, ya sake tayar da zancen da littafinsa na 1971, abin ya bazu ko'ina a ƙasar. Likitoci ba su tabbatar da shi ba, amma mutanen can sun saba da shi. Don haka idan mai zane a Tokyo ya rubuta cewa tauraronsa B ne, mai karatunsa ya fahimci wani abu game da halinsa nan take. Kai kuma da ka rubuta O a Kano ko Maraɗi, me ka faɗa wa mai karatunka? Ba komai. Ka ga an yi ne, ka yi. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu ma muna da maganar jini wadda take girgiza gida. Wane ne a cikinku bai san wasu masoya da aka kai kuɗin gaisuwa, aka je asibiti, sakamako ya fito AS da AS, aure ya watse ba? Wane ne bai san gidan da ake kwana a zaune da yaro mai sikila ba? A 2024 jihar Kano har doka ta yi ta tilasta gwaji kafin ɗaurin aure. Ga haruffa biyu da za su ɗauki labari sukutum a kansu, ga kuka, ga rigimar iyaye, ga wanda zai ɓoye takarda. Kun tsallake su kun je Japan kun aro harafin da ba ya yi muku aikin komai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada a ce na hana rubuta tsawo. Mai zane yana buƙatar takardarsa ta sirri, inda zai zana tauraro ta gaba da ta gefe da ta baya, ya jera taurarin kafaɗa da kafaɗa don kada wanda ya fi tsawo yau ya koma gajere gobe, ya ajiye launin tufafi da yadda fuska take in an yi fushi ko dariya. Wannan kayan aiki ne, kamar awon da tela yake rubutawa a littafinsa. Amma kun taɓa ganin tela ya manna awon a gaban riga ya ce a fita da shi? Mai karatu riga yake so ya gani.

Kuma duk taurarin naku kamarsu ɗaya. Fara, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, 'yar hamshaƙin mai kuɗi. Shi kuma saurayin shekararsa 27 amma ya mallaki kamfanoni a Dubai, ba ya dariya, ba ya magana. Wannan ciwon daga littattafan da ake turawa a WhatsApp kuka kwaso shi, ga shi kun sa masa launi. Ina baƙar yarinya mai wushirya da take taya uwarta suyar awara? Ina ɗan acaɓa, ina malamin allo, ina gwaggon da kowa yake shakka a gidan biki? Sannan mu dawo muna mamakin yadda 'yan mata suke ƙone fatarsu da man bilicin. Kuna zana musu cewa mai wannan kalar ce kaɗai ta isa a ba da labarinta. Ban ma taɓo waɗanda suke sa manhaja ta haɗa musu hoto su ce su suka zana ba, ko masu rubuta Hausa ba ƙugiya, a rasa gane ƙafa ake nufi ko kafa. Wannan zance ne na wata rana.

Mu koma kan tarin bayanin. Bai tsaya ga rashin amfani ba, har ɓarna yake yi. A shafi na uku na ɗan yayata, ƙarƙashin sunan ƙawar, ya rubuta: "Daga baya za a gano ita ce take cin amanarta." Subhanallahi. Ka dafa tuwo ka zubar da miyar tun baƙo bai zauna ba. Me ya rage da zai sa in dawo mako mai zuwa? Salon nan na labarin da ake ja ƙasa da yatsa a Koriya ta Kudu ya bunƙasa, inda kamfanin intanet na Daum ya buɗe dandalinsa a 2003, kamfanin Naver ya biyo baya a 2004, kuma duk ƙarfinsa yana ga abin da mai karatu bai gani ba tukuna, abin da ke ƙasan allon. Kai kuma ka kwashe shi ka baje a ƙofar gida. Ga tsadar data. Yaro ya sayi ta ɗari biyu don ya karanta labari, ka cinye masa ita da lambar takalmi.

Na san abin da yake jan ku. Rubuta bayanin tauraro yana da daɗi, ba ya gajiyarwa, kuma yana kawo yabo da wuri. Ka ɗora kyakkyawar fuska, mutum hamsin su ce masha Allah, ka ji kamar ka yi aiki. Zana gida talatin da zance a cikinsu, mako bayan mako, ko an yaba ko ba a yaba ba, nan ne wahalar take, nan kuke gudu. Tusa kuwa ba ta hura wuta.

Mu da muka tashi a gaban kakanni, ba a taɓa gaya mana tsawon Gizo ba. Ba mu san ranar haihuwarsa ba, ba mu san kalar da yake so ba. Amma da kakata ta lanƙwasa harshe ta yi tsamin bakinsa, ta ce ya je gaban sarki ya faɗi ya yi gaisuwa, dukkanmu mun san wata ƙeta ce ya ƙullo, mun san Ƙoƙi za ta sha haƙuri, mun san cikinsa ne zai kai shi ya baro. Fitilar ƙwai ce kawai a tsakar gida, babu allo babu launi, amma har yau in na rufe ido ina ganinsa. Maroƙa ma haka suke. Da kirari guda, kalma biyar ko shida, za su tsayar maka da mutum a gabanka, ka san ko jarumi ne ko marowaci. Mutanen da suka san cewa hali zanen dutse ne, da hali suke gabatar da mutum. Wannan gadon muka bari ya zube, muka koma cike fom kamar masu neman katin ɗan ƙasa. Yanzu yaro ba ya zama kusa da tsohuwa ya ji yadda take zance, ba ya tsayawa a bakin kasuwa ya kalli yadda mai nama yake ciniki. Kansa yana cikin waya, yana kwafar abin da wani ya kwafo daga wani.

Ku ji tsoron Allah a kan baiwar da ya ba ku. Ku san mutanenku kafin ku auna su. Ku rage, ku rage, ku sake ragewa. In mai karatu zai iya gani a zane, me ya sa za ku rubuta masa?

Kafin ɗan yayata ya tashi na ce masa ya je ya zana mini yarinyar nan a bakin injin markaɗe, gida goma, ya kawo mini ranar Juma'a. Ya ce to, Kawu. Juma'a ta zo ta wuce ban gan shi ba. Jiya da dare na leƙa shafinsa, na tarar ya ɗora tauraro na takwas, wani direban gidan, da tsawonsa da nauyinsa da rukunin jininsa.