Malam A-Sake

Kun dai san ni da kiɗa. Tun ina firamare, shekarar da aka ba mu Jihar Zamfara, 1996, nake satar rikodar babanmu ina naɗar waƙoƙin Rediyon Kaduna a kan kaset ɗinsa na wa'azi, in zare ya cukurkuɗe in sa biro in murza. Dukan da na sha bai hana ba, har ga shi na buɗe ɗan sutudiyona a Tudun Wada, bango duk kwalin ƙwai da tsohuwar katifa.

To ran Asabar aka kawo min wani tsohon makaɗi, Baba, daga Maradun, shi da 'yan amshinsa da kotsunansu. Murna kamar in yi me, don na gaji da yaran nanaye masu son kwamfuta ta gyara musu murya. Na ce za mu ɗauki kiɗa daban, murya daban, sai in haɗa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin an raba kotso da mai shi?" Na haƙura, makirfo uku na jera musu, na sa abin jin sauti a kunne.

Sun ɗauko ke nan, kotso na zuba, sai matar nan ta bayan shago ta tada injin markaɗe. Wannan baiwar Allah! Tun safe ba ta niƙa ko tattasai ɗaya ba, sai da ta ga baƙi sun shiga. Bara da azumi haka ta yi min, na biya ta kuɗin roba biyar don ta huta awa guda, ta karɓa, ta ce ai na shida na maƙwabta ne ba ta iya hana su. Har yau ba ta amsa gaisuwata, ita da ta ci kuɗina.

Na ɗaga hannu na ce, "Baba, a sake." Ya sake. Can babban kotso ya yi ƙarfi, layin awon sauti ya haura ja. "Baba, a yi haƙuri, a sake." Ya yi shiru, ya gyara hula. Da na buɗe baki karo na gaba, bai tsaya ba. Ya dai juyo ya ƙura min ido, ya sauya waƙar tsaf, daga yabon uban gidansa ya koma kaina. Wai ga wani yaro ya kifa ƙoƙuna biyu a kunne, bai iya kiɗi ba bai iya amshi ba, sarakuna ba su tsai da shi ba sai Malam A-Sake. 'Yan amshi suka cafe: "A-Sake, A-Sake mai ƙoƙo!" Ɗaya cikinsu har yana nuna ni da haɓa. Ya taɓo gajartata, ya taɓo kwalin ƙwai, ya ce ko kaji nake kiwo. Ni kuwa ina zaune ina gyara musu sauti, don wallahi zambon ya fi waƙar daɗi, kuma injin ya yi shiru daidai lokacin.

Yaron shagona ya rantse ba shi ya tura wa masu cajin waya a Tsohuwar Kasuwa waƙar ba. Jiya dai ɗan kabu-kabu ya sauke ni, na miƙa masa kuɗi, ya ƙirga ya ce, "Malam, a sake." Naira ɗari na ƙara masa.