Ɗan Akwatin da Na Sayo Ya Gyara Mini Mai

Tun da na cire salansar da babur ɗina ya zo da ita na ɗaura wata mai faɗin baki, na kuma sauya matatar iska, babur ya koyi rashin kunya. In na saki totur a gangara, sai ya dinga tas-tas-tau a bayana, mutane na waiwaye, karnuka na yi mini rakiya. A cunkoso kuma, in na ɗan murɗa sai ya fizge ni, in na sassauta ya dungurar da ni. Masu manyan babura da na tambaya duk bakinsu ya zo ɗaya: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, sai an sa masa akwatin daidaita mai.

Babur ɗin ba mai kafireta ba ne, na nozul ne, silinda biyu, gaba da baya. Ƙarƙashin kujera akwai ƙwaƙwalwarsa, wadda makanikai ke ce wa biren-bos. Ita ke duba gudun inji da buɗin totur da zafin iska, sannan ta aika wa nozul wuta ta ce buɗe na lokaci kaza, lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Akwatin da na sayo ba ya korar ta. Tsakani yake shiga, kamar ɗan aiken da aka ce ya je ya ce uku, shi kuwa ya isa ya ce uku da ɗoriya. Yawan ɗoriyar yana cikin wani jadawali da ake cikawa a kwamfuta, gudun inji ta wannan gefe, buɗin totur ta wancan, kowane gida da lambarsa. Kamfani yakan saita inji ya ƙona iska kashi 14.7 da fetur kashi 1 bisa nauyi don hayaƙi ya fita da tsabta, masu neman ƙarfi kuwa sun fi son wajen 13. Duk wannan na haddace shi kafin akwatin ya iso, har ina karanta wa mutanen da ba su tambaye ni ba.

Yayana, wanda zai kwance kafireta ya haɗa ido rufe, ya juya akwatin a hannu ya leƙa ƙasansa. "Ina sukurun da ake juyawa?" Na ce babu, Yaya, da lissafi yake aiki. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya ja kujera ya zauna a inuwa. Zaman nan nasa ya fi mini zagi ciwo.

Takardar da ta zo da akwatin ta ce aikin cire-ka-saka ne. Ba ta yi ƙarya ba, sai dai soket ɗin da za a cire yana can ƙarƙashin tanki, bayan akwatin iska, a wani lungu da aka ƙera don hannun jariri. Na ɗaga tanki na danna maɓallin tiyon mai. Mai kafireta in ka zare masa tiyo, fetur ɗiga yake. Na nozul kuwa famfonsa na tura mai da ƙarfin kusan bar 3 a ma'aunin matsi, kuma ƙarfin yakan zauna cikin tiyon bayan an kashe inji. Fetur ya wanke mini gemu da gaban riga. Yaya bai yi dariya ba, tsumma kawai ya miƙo mini, wanda ashe tun ɗazu yana riƙe da shi.

Na haɗa soket na gaba da na baya, na ɗaure baƙar wayar nagetif a wani noti mai sheƙi a jikin firam, na kama wayar sensar totur da ɗan maƙalin da suka bayar. Ragowar wayoyin na tattara su na ɗaure tamau, na mayar da tanki na danne. Kafin in tayar, na zuba jadawalin da aka ce na irin salansata ne, sannan na dubi layin ƙarshe, na totur a buɗe gaba ɗaya, na ce ai nan ƙarfi yake. Na ƙara 25 a kowane gida, tun daga sama har ƙasa.

Na murɗa makulli. Famfon mai ya yi zuuu na 'yan daƙiƙu ya yi shiru, yadda ya saba. Fitilar akwatin kuwa tana kamawa tana ɗaukewa. Inji ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Daga inuwa aka ce, "Fenti ba ya ɗaukar wuta." Notin nan mai sheƙi a kan fenti yake zaune, wayata ba ta taɓa ƙarfe ba. Na mayar da ita kan nagetif ɗin batir, inda takardar ta ce tun farko a wani layi da ban ga dalilin karantawa ba.

Wannan karon ya tashi, tashin da na gwammace bai yi ba. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ƙamshin ɗanyen fetur ya cika ko'ina, silo na hawa yana sauka. Uwargida ta fito da gudu tana kwashe shanya. "Maigida, gyara ake yi ko ƙonawa?" Na ce mata yana koyo ne. Na jona kwamfuta, sai ga allon yana nuna totur a kashi 100, alhali hannuna na cikin aljihu.

Sensar totur wayoyi uku gare ta. Ɗaya na kawo bolt 5 daga ƙwaƙwalwa ba ya canzawa, ɗaya nagetif, ta ukun ita ce mai kai labari: wajen bolt 0.5 in totur na rufe, tana hawa har ta wuce 4 in an murɗe shi duka. Launin da takardar ta ambata na babur ɗin wata shekara ne daban. A nawa, wannan launin shi ne mai bolt 5. Wato akwatin ya ɗauka tun da aka kunna ina tsere ne, sai ya yi ta zuba mini 25 ɗina ba ƙwange. Na ciro fulogi biyun, baƙi ƙirin, da laushi kamar an shafa musu toka. Da mitar auna wuta na gano wayar gaskiya, na koya wa akwatin inda totur ke farawa da inda yake ƙarewa, na goge 25 ɗin nan ba tare da na yi shela ba.

Daga nan na shiga abin da ya fi cin rai. A jikin salansa akwai wata sensa mai shinshinar iskar oksijin a hayaƙi. In inji ya yi zafi ana tafiya a hankali, da ita ƙwaƙwalwa ke aiki, kuma ba ta san komai ba sai 14.7. Akwati ya ƙara mai, sensa ta kai ƙara, ƙwaƙwalwa ta rage. In ƙara, ta rage. Babur na tafiya yana gyaɗa kai, ni ina bisa ina raba faɗan na'urori biyu da ba sa ga-maciji. Ashe ɗan ƙaramin soket ɗin da na bari a kwali, ina zaton kyauta ce, shi ne aka yi don ya sasanta su.

Da na saka shi, fizgar nan ta cunkoso ta ɓace. A nan dai akwatin ya yi aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na cika tanki maƙil na hau babban titi ina jin kaina. Ban yi nisa ba inji ya fara shaƙewa, ya ja, ya saki, ya mutu. Na gangara gefe na buɗe kwamfuta a kan kujera. Na ƙara 5 a tsakiyar jadawali, na danna sitata, ya tashi. Na ce ka ga ilimi. Can gaba ya sake mutuwa. Na rage 5, ya tashi. Na mayar da kowane gida sifili, wanda ke nufin akwatin bai taɓa saƙon ba ko kaɗan, ya tashi, ya yi tafiyarsa, ya mutu a daidai lokacin da ya saba. Duk lambar da na ba shi karɓa yake, muddin na ɗauki lokaci ina rubuta ta. Wani mai wucewa ya tsaya ya tambaye ni ko ina gyaran waya.

Na kira Yaya. Ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, bai ko kalli kwamfutar ba. Ya ce, "Ba ni makulli." Ya buɗe murfin tanki, tankin ya ja numfashi, fuuu, har muka ji ƙarfen ya ɗan yi ƙara. Fetur in yana fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, kuma ta wani siririn tiyo take shiga. Tiyon nan na haɗa shi da wayoyi na ɗaure, tanki ya zauna a kansa ya maƙure shi. Famfo na ja, iska ba ta shiga, har ya kasa ja. Cika tankin da na yi ya ƙara gaggauta abin, don ba sauran iska a sama. Tsayuwar da nake yi ina danne-danne ita ke ba iska damar sulalewa ciki kaɗan-kaɗan.

"To harbin fa, Yaya? Har yanzu yana yi." Ya durƙusa ya shafa inda salansa ta haɗu da bututun inji, ya nuna mini yatsansa baƙi. Tsohon gasket, wato zoben da ke toshe mahaɗar, na mayar ranar da na sauya salansa. Ta nan iska ke kutsawa ta tarar da ragowar fetur mai zafi, su tashi tau. Wannan kam ko gidajen jadawalin duka na cika ba zai daina ba.

Muka koma gida, ya sa sabon gasket, ya raba tiyon da wayoyi, na mayar da jadawalin salansar. Ya ce bari ya zagaya ya ji. Ya daɗe. Da ya dawo bai sauka ba, ya bar inji na silo, yana kallon agogon gudun inji.

"Wajen 4,000 akwai ɗan rami in ka murɗa rabi," in ji shi. "Wane gida ne wannan a allon naka?"

Na nuna masa. Ya sa tabarau, ya ja kwamfutar gabansa, ya ce in ƙara 2. Na miƙa hannu, ya buge shi.

"Matsa, kai hannunka nauyi gare shi. Ina ake dannawa?"